Nakiya a Watan Sha'aban: Kayan Zaƙin Sallah da Kwanciyar Hankali a Kudancin Kano

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Bebeji da Ƙiru, kuma Allah ya ba shi kunnen da ke rarrabe muryar turmi, ya san cewa dakan fura daban, sussukar dawa daban, surfen masara daban, kirɓin nakiya kuwa ba ya kama da ko ɗaya daga cikinsu, domin taɓarya tana sauka ne a kan abu mai danƙo da maiƙo, sai sautin ya fito da nauyi, a lulluɓe, kamar ana kaɗa ganga a cikin ɗaki an rufe ƙofa. A gidan gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda aka kai ta aure wani ƙauye na ƙasar Ƙiru tun kafin a haife ni, wannan sauti yakan fara ne da zarar watan Sha'aban ya raba tsakiya, alhali ba a ko fara duban watan azumi ba, balle a yi zancen Idi. Na tuna wata shekara ina yaro, ina tsugune a bakin murhu ina jiran suɗin ludayi, na ce mata, "Gwaggo, Sallah fa da sauran wata guda da rabi." Ba ta ɗago kai daga tukunya ba ta ce, "Ɗan nan, ba a fafe gora ranar tafiya. Wa zai iya kirɓi da ƙishirwar azumi?" Na daɗe ina ɗaukar maganar a matsayin irin amsar da manya kan ba yaro don ya yi shiru, sai da na yi iyali, na ga abin da daren jajibere kan yi wa matan gida, sannan na gane cewa tsarin aiki ne cikakke ta gaya mini a taƙaice.

Abin da ya tayar mini da wannan tunani shi ne wata hira da na yi da 'yar yayana, wadda ke karatu a birni, inda ta ba ni labarin cewa a Ingila da Amurka, idan Kirsimeti ta gabato, akwai gidajen da ke gasa biskit na biki ba ƙwai, ba madara, ba man shanu, kuma matan can ma suna kokawa da ɗawainiyar da ke taruwa a kansu a makon ƙarshe, har wasu su wayi garin bikin jiki a mace, zuciya a ƙuntace. Masu wannan ɗabi'a ta ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba suna kiran kansu "bigan", sunan da wani Baturen Ingila, Donald Watson, da abokansa suka ƙago a watan Nuwamban 1944 lokacin da suka kafa ƙungiyarsu. Ra'ayin kuwa ya girmi ƙungiyar nesa ba kusa ba. Ma'abota adabin Larabci sun san Abul Ala'il Ma'arri, makahon sha'irin nan na ƙasar Sham da ya rasu a 1057, wanda ya shafe shekaru masu yawa ba ya taɓa nama, ko nono, ko ƙwai, ko zuma, har wani babban malamin Faɗimiyyawa na Masar ya yi ta musayar wasiƙu da shi yana neman hujjarsa. A Habasha ma Kiristocin tsohuwar cocin ƙasar suna azumin kwana 55 kafin Ista, ba sa cin komai na dabba a cikinsa.

Ni dai ba na kira zuwa ga barin nama ko nono, domin abin da Allah ya halatta babu mahalukin da ya isa ya haramta shi, layya kuwa sunna ce mai ƙarfi a kan wanda ya sami iko, kuma ƙasar da matan Fulani ke shigo mata da ƙwaryar nono kowace hantsi ba ta da dalilin raina wannan ni'ima. Wanda ya bar cin wani abu saboda lalurar jiki, ko ƙarancin abin hannu, ko don ransa bai kwanta da shi ba, yana cikin filin mubahi muddin bai mayar da barin ibada ba. Abin da ya ja hankalina shi ne, da yarinyar ta gama lissafa mini sharuɗɗan mutanen, sai na ga cewa galibin abin da ke cikin kwallar gwaggona ya cika su, ko kuwa saura ƙiris ya cika, ba tare da ta taɓa jin labarinsu ba, kuma dalilin da ya sa kayan suka kasance haka shi ne ainihin dalilin da ya sa take kwana da barcinta a daren Sallah.

Mai son fahimtar wannan sai ya fara duban ƙasar. Idan ka baro Kano ta hanyar Zariya, ka wuce Kura da filayen Kadawa, ka shiga ƙasar Bebeji, a nan madatsar ruwan Tiga take, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma daga gare ta ne ruwa ke bin magudanai zuwa gonakin rani na Kura da Bunkure da Garun Malam. Ka isa Kwanar Ɗangora a ƙasar Ƙiru, ka karkata, hanya ta ɗauke ka zuwa Tudun Wadan Ɗankadai, ƙasar shinkafa, daga nan ka ratsa dajin Falgore ka faɗa Doguwa, ƙasar masara da duwatsu, inda Riruwai take da tsoffin ramukanta na kuza. Damina a wannan yanki ta fi ta arewacin jihar saurin sauka da daɗewa, saboda haka shinkafa, da masara, da gyaɗa, da waken suya, da rake duk suna samuwa, ga tsamiya da ɗorawa da kaɗanya da ɗinya a gonaki da bakin daji. Mazarƙwaila ma ba ta yi nisa ba, domin Maƙarfi, wadda ta yi suna da rake a jihar Kaduna, maƙwabciya ce. Ke nan mace a wannan yanki tana iya haɗa kayan zaƙin Sallah kusan duka daga rumbun mijinta da kasuwar ƙauye, abin da za ta nema daga nesa bai wuce kanumfari da ɗan abin da ba a rasa ba.

Bebeji kuma tsohon zango ne. Matafiyin nan Hugh Clapperton ya ratsa ta a 1826 a kan hanyarsa daga Zariya zuwa Kano, ya same ta gari mai ganuwa da jama'a da kasuwa, kuma a cikinta aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, a gidan Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja, shi ne wanda daga baya, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, ya shahara da sayen gyaɗa har aka san shi da dalarta, ya rasu a 1955. Na kawo wannan ne domin garin da ayari ke tashi daga cikinsa dole matansa su ƙware a sana'ar guzuri. Falken da zai yi watanni a hanya, da almajirin da zai tafi gabas neman karatu, da maniyyacin da zai nufi Makka a ƙasa, babu wanda za a ɗaura wa abin da zai lalace a kwana uku. Ƙuli-ƙuli, da dakuwa, da nakiya, da soyayyen gari su ne abokan tafiya, kuma a ganina hikimar da ta cika jakar falke ita ce ta cika kwallar amarya a ranar gara, ita ce kuma ta cika farantin Sallah.

Nakiya ita ce sarauniyar wannan fanni, kuma aikinta na kwanaki ne, ba a yi masa gaggawa. Za a wanke shinkafar tuwo a rege ta sarai, domin tsakuwa guda tana ɓata sunan gida, a baza ta a tabarma ta sha iska, a kai niƙa tare da citta da kanumfari da masoro da kimba, a tankaɗe da rariya mai laushi, sannan a zuba garin a busasshiyar tukunya a kan wuta marar ƙarfi, a yi ta juyawa da muciya har ƙamshinsa ya canja daga na ɗanyen gari zuwa na abin da ya nuna, launinsa ya ɗan ja kaɗan. A gefe guda an ɗora mazarƙwaila ko sukari da ruwa da ɗan jiƙon tsamiya, ana dafawa har ya yi danƙo. Gwaggona ba ta taɓa auna wannan da agogo ba. Takan ɗiga shi a cikin kofin ruwan sanyi, in ya narke ya bi ruwa to da saura, in ya dunƙule a ƙasan kofin har ta iya ɗaukarsa ta murza tsakanin yatsu biyu to ya yi. Sai a kwarara shi a kan garin, a bi da man gyaɗa, a juye a turmi, mata biyu su kama taɓare su yi ta kirɓi har ya haɗe ya yi santsi yana ƙyalli, a dunƙula, a jera a kwalla, a shafe samansa da mai, a rufe. Masu hali sukan sa zuma da man shanu, kuma ba na musun cewa wannan ta fi ƙamshi, amma ta man gyaɗa da mazarƙwaila ita ce ta yawancin gidaje, kuma takan yi watanni ba ta sauya ba, sai ma ta ƙara kwanciya.

Alkaki shi ne na biyu, kuma sunansa kaɗai ya isa ya nuna hanyar da ya biyo, domin daga kalmar Larabci ta ka'ak ya samo asali, kamar yadda alkama ta fito daga ƙamhu, alewa daga halawa. A dā, lokacin da ake noman alkama a 'yan fadamu ana ban ruwa da jigo, abincin sarakai da attajirai ce, shi ya sa alkaki ya zama abin fita kunyar surukai. Ruwan Tiga ne ya sauko da ita kusa da talaka, musamman bayan gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama daga waje a 1987, manoman rani suka duƙufa a kanta, kafin a ɗage hanin a 1992. Ana shuka ta da shigowar hunturu a girbe ta wajen watan Maris, wanda ya sa a shekarun da azumi ya faɗo a bazara sabuwar alkama takan riske shi. Yadda ake yinsa, a ɓarza alkama kada ta yi laushi, a murje ta da mai, a kwaɓa da tauri da abin da zai sa ta yi tsami, wasu da nono, wasu da yis ko jiƙon tsamiya, a rufe ta kwana, da safe a sa ɗan ruwan kanwa ya kashe kaifin tsamin, a kirɓa, a murza siri-siri a naɗe, a soya a mai marar zafi ƙwarai domin cikinsa ya nuna, sannan a tsoma a dafaffen sukari mai tsamiya ko lemon tsami. Wadda ta zaɓi yis ko tsamiya ta yi alkakin da babu komai na dabba a cikinsa, kuma mai ci ba zai tsaya tambaya ba.

Sirrin daɗewar waɗannan kaya ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya lura. Ruɓa da funfuna ruwa suke bi, wuta kuwa ta kore ruwan garin tun wajen suya, sukarin da aka dafa ya kama ragowar danshin ya riƙe, mai ya toshe wa iska hanya, tsamin tsamiya kuma ya hana sukarin komawa tsakuwa-tsakuwa bayan ya huce. Ƙwai da madara kuwa, duk daɗinsu, su ne ƙofar da lalacewa ke fara shigowa ta cikinta, musamman a ƙauyen da wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma a shekarun da ƙaramar Sallah ke faɗowa a tsakiyar bazara, kamar yadda ta zo ranar 10 ga Afrilun 2024 da ranar 30 ga Maris ɗin 2025. Haka kantun riɗi yake, haka dakuwar aya da ta gyaɗa, haka kwakumeti da gyaɗa mai sukari. Abu guda da ya wajaba a kiyaye shi ne tsintar gyaɗa, domin ƙwayar da ta yi funfuna ko ta yanƙwane tana ɗauke da dafin da ke cutar da hanta, kuma suya ba ta kashe shi. Tsofaffi da suke zaunar da yara a kan faifai su fitar da kowace baƙar ƙwaya sun yi daidai, ko da ba su san sunan da likitoci suka ba dafin ba.

To daga ina wahalar ta shigo? Cincin da kek da donat baƙi ne da suka zo daga baya, ta hanyar kudu da makarantun kwana da birane, kuma ba ni da wata ƙiyayya da su, yara suna son su, ni ma ina ci. Sai dai sun zo da ɗabi'arsu. Kek na son ƙwai da bota da madara, ba ya jure kwanaki, saboda haka ba a yinsa sai Sallah ta matso, sai ya haɗu a dare guda da dakan waina, da gyaran kaji, da miyar taushe, da kitso, da ƙunshi, da zaryar zuwa wurin tela wanda ya yi alkawari bai cika ba. Mace ɗaya, ko biyu in gidan da kishiya, su ne za su ɗauki wannan duka bayan azumin kwana ashirin da tara a cikin zafin da kan kai awo 40. Na ga abin da wannan ke haifarwa a gidan wani ɗan'uwana a Tudun Wada, wani daren jajibere da ba na mantawa. Uwargidan tana suyar cincin wajen ƙarfe ɗaya na dare da hasken tocila, barci ya fara fizgarta, ƙaramin ɗanta ya farka ya fito nemanta, ya yi tuntuɓe da itacen murhu, kaskon ya karkata, mai ya zubo masa a ƙafa. Allah ya taƙaita, yaron ya warke, tabon ne kawai ya rage, amma a wannan shekarar mutanen gidan a bakin gadon asibiti suka ji kabbarorin Idi, sabbin ɗinkunan suna ninke a cikin akwati.

Akwai kuma hasarar da ba a gani da ido. Goman ƙarshe na Ramadan su ne dararen da ake neman Lailatul Ƙadri a cikinsu, maza sun tafi tahajjudi, wasu sun shiga i'itikafi, ladan da ake kwaɗaitar da maza da shi kuwa shi ne ake kwaɗaitar da mata da shi, babu bambanci. Ina jin ciwo a raina idan na ga an bar mace da kasko da hayaƙi a daren ashirin da bakwai, saboda wani abin da, da an yi shawara, da tun Sha'aban an gama shi an rufe. Gwaggona, wadda karatunta bai wuce na allo ba, ba ta taɓa rasa waɗannan darare ba. Bayan sallar isha'i sai ka gan ta a kan buzunta da carbi, kwallayenta na jere a saman kabad, babu abin da ya rage mata sai tuwon Sallah da miyarsa.

Sannan ga maganar kuɗi, wadda ta ƙara tsanani tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a watan Yunin 2024, fulawa kuwa, da yake fiye da kashi 90 cikin ɗari na alkamar da Nijeriya ke ci daga waje ake sayo ta, duk motsin dala sai ya taɓa ta, daga kasuwar Singa a Kano har zuwa teburin mai kanti a Riruwai. Ƙwai ya bi tsadar abincin kaji, madarar gari da bota suka bi sahu. Amma al'adar gasa ba ta sauka tare da aljihu ba: wance ta yi kala biyar, ni ba zan yi uku ba, an aiko mana da bokiti, ba za mu mayar da kwano ba. Daga nan sai cin bashi, sai karɓar adashe tun kafin zagayensa ya zo, sai ɓacin rai tsakanin miji da mata a watan da ya kamata a sassauta wa juna, har maganar nan ta Hausawa ta tabbata, cewa Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Malamai suna kiran wannan takallufi, wato ɗora wa kai abin da ya fi ƙarfi don a burge baƙo, kuma Imamu Gazali ya yi dogon bayani a kan barinsa a babin ladubban cin abinci na Ihya'u. Shari'a kanta sauƙi ta nufa da ranar Idi, shi ya sa ta wajabta zakkar fidda kai, mudun Annabi huɗu daga abincin da gari ya fi ci, domin kada a bar kowa da fargabar abin da zai sa a baki a wannan rana, abin da aka so mutum ya taɓa kafin ya tafi masallacin Idi kuwa 'yan ƙwayoyin dabino ne.

Kada a ɗauka cewa tsohon yayi kaɗai nake yabo. Matar ɗan'uwan nan nawa ta Tudun Wada, tun bayan abin da ya sami ɗanta, ta rage suya ta koma gashi, kuma na zauna na ga yadda take yi ba tare da tanda ta zamani ba. Takan sami babbar tukunya ta zuba wankakken yashi a ƙasanta kamar kaurin yatsu uku, ta ɗora a kan gawayi ta rufe ya ɗauki zafi. Ta auna fulawa gwangwani uku, markaɗaɗɗiyar gyaɗa gwangwani ɗaya, sukari gwangwani ɗaya, man gyaɗa rabin gwangwani, ɗan gishiri, da ƙaramin cokali na hodar tashi, ta murje su da hannu har su yi kamar dambu, sannan ta riƙa yayyafa ruwa ko madarar waken suya kaɗan-kaɗan har ya haɗe. Ta murza shi a faranti da kwalba, ta fitar da shi da bakin kofin shayi, yara na gefe suna danna masa cokali mai yatsu don ado. Sai ta jera a farantin ƙarfe ta ɗora a kan yashin, ta rufe, ta zuba garwashi kaɗan a kan murfin domin sama ta gasu tare da ƙasa. Kafin a idar da karatun hizifi ɗaya ƙamshi ya cika tsakar gida. In ya huce sarai ta zuba a bokiti mai murfi, yakan yi mako biyu zuwa uku da ƙarfinsa.

Aikin da ƙwai ke yi a kwaɓi shi ne ya haɗa shi ya kuma tausasa shi, gyaɗar da aka markaɗa kuwa tana yin wannan da maiƙonta. Wasu sukan dama nunanniyar ayaba a madadinsa, kuma tana yi, sai dai tana shigo da danshi, saboda haka abin da aka yi da ita na ci ne a kwana biyu ko uku. Cincin ma yana yiwuwa da fulawa da sukari da mai da ruwa da ɗan gyaɗar ƙamshi kawai, yakan fi tauri kaɗan, ya kuma fi daɗewa, man suyarsa ba ya yin kumfa kamar na mai ƙwai. Ya kamata dai a tuna da dattawan gida masu ciwon sukari, domin rashin madara ba ya rage zaƙi ko kaɗan. A ware musu soyayyiyar gyaɗa ko aya ko ƙuli-ƙuli marar sukari, kada a bar su suna kallon faranti.

Wani amfanin kuma sai wanda ya zauna a Doguwa ko Tudun Wada zai gane shi sosai. A wannan yanki akwai Kiristoci 'yan ƙasa, Hausawa da Kurama da sauransu, waɗanda gonakinsu ke iyaka da na Musulmi, kasuwarsu ɗaya, rijiyarsu ɗaya, kuma al'adar aika wa maƙwabci abincin biki tana nan, ko da yake ta sha rauni a lokutan saɓani. Idan Kirsimeti ta zo, a tsakiyar hunturu bayan an gama kaka, kwanon da ya fi saurin karɓuwa a gidan Musulmi shi ne na cincin da gyaɗa da biskit, domin duk da fiƙihu ya yi sauƙi a kan abincin Ahlul Kitabi, mutane da yawa suna da waswasi a kan yanka, abin da babu nama a cikinsa kuwa babu shubuha, a gaban ɗan aiken ma sai a ɗiba a ci a sa albarka. Haka in Sallah ta zo, alkaki da nakiya sukan tsallaka katanga su koma can. Na san wata dattijuwa Kirista a wajen Doguwa da ke sayen sabon kasko musamman don suyar da za ta aika wa maƙwabtanta Musulmi, ba wanda ya nemi ta yi haka, ita ce ta ga ya dace.

A ƙauyen gwaggona har yanzu ana yin aikin da gayya, kuma a ganina babu abin da ya kai wannan rage nauyi. Gidaje huɗu ko biyar sukan haɗa kai tun watan Rajab, kowace mace ta kawo abin da rumbunsu ya fi yalwa da shi, wannan shinkafa, waccan gyaɗa, wata ta ɗauki nauyin mazarƙwaila, a sa ranar nakiya a gidan wance, ranar dakuwa da kantu a gidan wance, alkaki da biskit a bar su zuwa tsakiyar azumi a yi su da dare bayan tarawihi, ana aiki ana hira, 'yan mata na koyo da ido, a ƙarshe a raba da kwano guda kowa ta ɗauki rabonta. Da yake faranti iri ɗaya ne zai fito daga dukkan gidajen, babu wadda za ta ji an fi ta. Maza ma suna da nasu kason, kuma a nan ne galibi ake samun saɓani: maigidan da ya ware buhun gyaɗa da kwanukan shinkafa tun lokacin kaka, ya sayi sukari da mai kafin 'yan kasuwa su ji ƙamshin azumi, ya kai ɗinki tun Sha'aban, ya tara itace, ya sauke wa iyalinsa rabin ɗawainiya, wanda kuwa ya bari sai ana gobe Sallah ya miƙa kuɗin cefane, to shi ne ya kunna wutar ƙarfe ɗayan dare, ko da yana can yana barci.

Bara na je gaishe da gwaggon tawa a ƙarshen Sha'aban. Ta tsufa, taɓarya ta fi ƙarfinta, an shimfiɗa mata tabarma a inuwar ɗakin girki, jikokinta mata uku suna aiki, 'yar yayan nan tawa da ta zo hutu tana cikinsu, ta ɗaura zane a kan doguwar rigarta tana juya gari da muciya. Babbar cikinsu ta ɗebo dafaffiyar mazarƙwaila a ludayi ta kawo mata tare da kofin ruwa, ta durƙusa ta ce, "Iya, duba mana ko ya yi." Tsohuwar ta ɗiga, ta sa yatsu ta lalubo shi a ƙasan kofin, ta murza, ta kai bakinta, ta ɗan yi shiru. Sannan ta ce, "Da saura kaɗan. Ku janye itace guda, kada ya kama, ku bar shi ya ƙara tafasa ɗaya." Yarinyar ta tashi ta koma bakin murhu, sauran biyun suka mirgino turmi zuwa tsakar gida.